Daga Mangalar Jaki Zuwa Buhu Ɗari Tara: Tarihin Lodi da Sikeli a Hanyarmu



A zamanmu na ƙarshen wata magana ta taso a kan ɗan uwanmu direba da aka riƙe motarsa kwana tara a nan kusa da Ibadan. Ya ɗauko katafila daga Legas a kan tirelar nan mai ƙasa-ƙasa da ake kira lobed, zai kai wani wurin aiki a Arewa, sai hannun katafilar ya daki ƙasan wata gadar masu tafiya da ƙafa. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Da jami'ai suka ce ya kawo takardar izinin ɗaukar irin wannan kaya, sai ya miƙa musu lasin da inshora da webil. Bai ma san akwai wata takarda bayan waɗannan ba. Wanda ya ba shi lodin kuwa ya kashe waya, sai ƙungiya ce ta yi karo-karo aka fitar da shi. Dattawa suka ce a rubuta wani abu a kai, kuma a faro daga tushe, domin yawancin yaranmu sun tashi sun tarar da obalodi kamar da ma can haka sana'ar take.

Kakanninmu da suka fara sauka ƙasar Yarbawa da ƙafa suka zo. Fatake ne, ayari guda ƙarƙashin madugu, da jagaba a gaba, suna kawo kanwa da fata da tufafi da dabbobi, su koma da goro. A wancan zamani babu wanda ya rubuta dokar nauyin kaya, domin jaki da kansa yake yanke hukunci. Ka cika masa mangala fiye da ƙarfinsa ya kwanta maka a tsakiyar daji, ayari ya wuce ya bar ka. A bakin Kwara ma haka: mai fito shi ke duban jirginsa ya ce ya isa, don in ya nutse da shi zai nutse. Wanda ya yi lodin shi ke fara ɗanɗana kuɗarsa, shi ya sa kowa ke auna wa kansa.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a shekara ta gaba kuma aka buɗe zirga-zirga tsakanin Kano da Legas. Da farko a Jebba sai an ɗora taragai a kan jirgin ruwa an tsallakar da su, har aka gama gadar a 1916, shekarar da aka kafa unguwarmu ta Sabo a nan Ibadan. Daga nan nauyin ƙasar nan ya koma kan dogo. Gyaɗar dalar Kano, da auduga, da kuzar Jos, da fatu, da shanun da a da ake korowa da ƙafa wata da watanni, duk tarago ke ɗauka, in zai koma kuma ya tafi da goron Shagamu da Agege, da gishiri da kananzir. Abin da ya kamata mu lura da shi a nan shi ne, hukumar jirgin ita ke da dogon, ita ke da taragon, ita ce kuma ke karɓar kuɗin dako. Kowane tarago an rubuta masa iyakar abin da zai ɗauka a jikinsa, manyan tashoshi kuma suna da sikeli. Babu wani ma'aikacin reluwe da zai yarda a ƙara maka buhu hamsin don ka ba shi na goro, saboda in dogo ya lotsa ko gada ta tsage, aljihun hukumarsa ne zai yi gyara. Har ma Turawan mulki sun yi wa jirgin kishi: a shekarun 1930 sun ninka kuɗin lasin ga motocin da ke gasa da shi a wasu hanyoyi, abin da ya kai masu motoci a Kudu ga yajin aiki a 1937.

Motocin wancan lokaci ma ba wasu manya ba ne. Masu bodin katako ne, aikinsu su kwaso kaya daga ƙauye su kai tashar jirgi. Tsofaffin direbobinmu har yanzu suna ba da labarin Roka da yadda take nishi a hawa.

Abubuwa sun juya ne bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Yaƙin ya katse layin dogo na Gabas, gyaɗa ta ja baya a tsakiyar shekarun 1970, kuɗin mai kuma ya shigo, gwamnati ta zuba shi a kwalta. A 1975 aka yi cunkoson nan na siminti, jiragen ruwa ɗaruruwa suka yi cirko-cirko a gaɓar Legas suna jiran sauke kaya, wasu har simintin ya daskare a cikinsu. Aka buɗe tashar Tin Can a 1977, aka buɗe babban titin Legas zuwa Ibadan a 1978. Aka kafa masana'antun harhaɗa manyan motoci a Kano da Bauci da Inugu da nan Ibadan. Shi kuwa jirgin ƙasa sai ya yi ta tsufa. An ɗauko Indiyawa su riƙe hukumar daga 1979 zuwa 1982, ya ɗan farfaɗo, da suka tafi ya koma gidan jiya. Man fetur ma da aka shimfiɗa wa bututu zuwa dafo-dafo na Arewa, da fasa bututu ya yi yawa, matatun kuma suka daina aiki yadda ya kamata, sai ya hau tanka tun daga Apapa har Maiduguri. Garuruwa irin su Ogere da Tafa da Mararrabar Jos a kan wannan sauyi suka bunƙasa, mu ma da yawa daga cikinmu a kansa muka samu abinci: direba, yaron mota, ɗan kamasho, mai faci, mai shayi, mai sayar da taya.

Sai dai da kayan suka sauka daga dogo suka hau kwalta, an rabu gida uku. Titi na gwamnati ne, mota ta wani ce, kaya na wani ne daban. Mai kaya yana son a kwashe masa da yawa a tafiya ɗaya. Mai mota ana biyansa a kan tan ko a kan buhu, ga tsadar gas, ga kuɗin da ake zubarwa a shingaye tun daga Apapa har Jebba, don haka duk buhun da ya ƙaru riba ce. In titi ya fashe, babu ɗayansu da za a aika wa takardar biya. Tirelar siminti da aka sani da buhu 600, wato tan 30, sai ga ta da buhu 900, tan 45. Tankar da aka sani da lita 33,000 ta koma 45,000, ta koma 60,000. Maƙera da masu walda suka ƙware wajen ƙara tsawon bodi da ƙara ganyen sifirin. Ba mu faɗi wannan don mu zargi kowa ba, mu ma cikinmu akwai masu motoci, kuma mun san lissafin da ke sa mutum yin haka.

Akwai wani ilimi da injiniyoyin hanya suka daɗe da sani wanda ya dace kowane direba ya ji. Tsakanin 1958 da 1960 an yi wani babban gwaji a Amurka, aka gina tituna na musamman aka yi ta zagaya su da motoci masu nauyi iri-iri dare da rana ana auna lalacewarsu. Abin da aka gano shi ne, titi bai damu da nauyin mota gaba ɗaya ba kamar yadda ya damu da nauyin da ke kan kowane aksul, wato kowane layin tayoyi. Kuma ɓarnar ba ta tafiya daidai da ƙarin nauyin. In ka ninka nauyin aksul sau biyu, ɓarnar tana ninkuwa kusan sau 16. In ka ƙara kashi 20 cikin ɗari kawai, ɓarnar ta ninka biyu. Shi ya sa za ka ga titin da aka ce zai yi shekara ashirin ya yi kwari biyu a hannun da manyan motoci ke bi tun bai cika biyar ba, har ƙaramar mota ta riƙa gogar ƙasa. Duk wanda ya bi tsohuwar hanyar Oyo zuwa Ogbomosho, ko Makwa zuwa Tegina zuwa Birnin Gwari, ya ga wannan da idonsa. Gaskiya ne akwai 'yan kwangilar da ke yin aikin ha'inci, wannan ba mai musu. Amma ko an yi aikin tsakani da Allah, kwalta tana da iyakar abin da za ta ɗauka.

Doka ba ta rasa ba. Tun 1971 akwai dokar manyan hanyoyin tarayya da ta ba minista ikon ƙayyade nauyin motoci, a ƙarƙashinta kuma aka yi ƙa'idojin nauyi da na sikeli. A 1982 ƙasashen ECOWAS suka sa hannu a Kwatano kan yarjejeniyar sufuri da ta tsayar da tan 11.5 a kan aksul. A 1988 aka kafa hukumar kiyaye haɗurra, 'yan Rod Sefti. An kakkafa sikelai a wasu manyan hanyoyi, amma yawancinsu ko dai sun lalace an bar su ciyawa ta rufe, ko kuma sun zama wani shingen karɓar na goro. A 2012 shugabannin ECOWAS suka sake zama suka daidaita dokar ga dukkan ƙasashen: tan 6 a aksul na gaba, tan 11.5 a aksul guda, faɗin mota kada ya wuce mita 2.55, babbar tirela mai aksul shida kuma kada ta wuce tan 51, ita da kayanta. Najeriya ta fitar da nata ƙa'idojin a kan wannan a 2018, lokacin Babatunde Fashola yana ministan ayyuka. To a yi lissafi: buhu 900 tan 45 ne, kan mota da bodi ba su gaza tan 15 ba. An wuce iyaka tun ba a fita ƙofar masana'anta ba. Direbobinmu da ke shiga Gana ko Nijar sun san yadda ake hawa sikeli a can, a sa ka sauke rarar kayan a gefen hanya, ka biya tara, ka kuma nemo motar da za ta kwashe da kuɗinka.

Wani sashe na wannan doka ta 2012 da ba a cika faɗa wa direbobi ba shi ne, ta ɗora wa tashoshin jiragen ruwa da manyan masana'antu da dafo-dafo alhakin auna mota kafin ta fita daga harabarsu. A takarda ke nan laifin obalodi daga wurin lodi yake farawa. A kan hanya kuwa wanda ake kamawa shi ne wanda ke riƙe da sitiyari, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A ganinmu da za a tsaya a ƙofar wuraren lodi 'yan ƙalilan da kowa ya sani, da ba a buƙaci tare dubban motoci a daji ba.

Da titi ya gaji, mu ne farkon masu ji a jikinmu. A watan Yunin 2017 ruwan sama ya cinye gadar Tatabu tsakanin Jebba da Makwa, motoci suka yi kwanaki a tsaye, tumatir da albasa suka ruɓe, dabbobi suka mutu a cikin mota. Nauyin da ya saba bi ta can ya karkata kan hanyar Bida da Minna, wadda ba a gina ta don haka ba. A 2020 gwamnatin jihar Neja ta hana manyan motoci bin wasu hanyoyinta, a 2021 kuma direbobin tanka da tirela suka toshe hanyar Bida zuwa Lambata na kwanaki saboda lalacewarta. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, gwamnati na cewa ku kuka kashe hanyar, direbobi na cewa ina kuke so mu bi. A Legas kwantena ta faɗo a gadar Ojuelegba a 2015 ta kashe mutum uku, a Janairun 2023 wata ta danne motar fasinja a wurin ta kashe tara. Sai kuma gobarar tanka a Majiya ta jihar Jigawa a Oktoban 2024, inda fiye da mutum 150 suka rasu, da ta mahaɗar Dikko a jihar Neja a Janairun 2025, fiye da 80. Allah ya jiƙansu da rahama. Bayan ta Dikko ne gwamnati ta hana loda wa tankoki masu lita 60,000 mai daga 1 ga Maris 2025. Mu da ke zaune a Kudu akwai ƙarin abin da muke gudu: duk ranar da tirela ta kwace ta afka wa jama'a a garin da ba namu ba, ba a tambayar wa ya yi lodin. Ana duban direba ne, daga shi kuma a dubi mai shayi da mai wankin takalmi da ke kusa. Shugabannin unguwanninmu sun sha kwana a tsaye suna kashe irin wannan wuta.

Yanzu mu dawo kan takardar da aka tambayi ɗan uwanmu, don a nan ne ruɗanin yake. Obalodi daban, kaya mai girman da ya wuce ƙa'ida daban. Siminti da shinkafa da taki da fetur kaya ne masu rabuwa. In sun yi yawa a raba su mota biyu, kuma babu ofishin da ke da hurumin ba ka izinin ƙara buhu 300. Duk wanda ya sayar maka da wata takarda da sunan haka, damfararka ya yi. Izini na musamman an yi shi ne domin kayan da ba ya rabuwa: babbar taransifoma, injin tashar lantarki, tukunyar masana'anta, katafila, dogon ƙarfen gada. Irin waɗannan kaya sun daɗe suna ratsa ƙasar nan, tun ginin madatsar Kainji a shekarun 1960, da matatar Kaduna da aka buɗe a 1980, da masana'antar ƙarfe ta Ajakuta. Ba za ka yanka taransifoma gida biyu ba, dole ta bi hanya a yadda take, don haka sai hukuma ta san da tafiyarta tun kafin ta tashi.

Yadda tsarin yake, mai kayan ko kamfanin dakon ne ke nema, ba direba ba. A hanyar tarayya ma'aikatar ayyuka ta tarayya ake nufa, wadda ke da kwanturola a kowace jiha, in kuma tafiyar za ta ratsa titin jiha ko cikin gari, hukumomin jihar ma suna da ta cewa. Ana bayyana nauyin kayan da tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa bayan an ɗora shi a mota, da irin motar da yawan aksul ɗinta, domin yawan tayoyi shi ke raba nauyin. Sannan a bi hanyar tun kafin ranar, a duba kowace gada ko za ta ɗauka, a auna ƙarƙashin kowace gadar sama da wayoyin lantarki, a duba kwanoni da shataletale. Izinin da za a bayar na hanya ɗaya ne da lokaci ƙayyadadde. Ba a sauya hanya don an ji labarin cunkoso a gaba, kuma galibi yana zuwa da sharaɗin motar rakiya da fitilu da tutoci, wani lokaci da 'yan sanda ko 'yan Rod Sefti. Wannan aiki ne na kwanaki, wani sa'in makonni, ba a fafe gora ranar tafiya. Wani kayan ma titi ba ya iya ɗaukarsa ko da izini. Lokacin gina matatar Ɗangote a Lekki sai da suka gina tashar ruwa tasu, a can aka sauke hasumiyar tace ɗanyen mai a ƙarshen 2019, mai nauyin fiye da tan 2,000 da tsawon fiye da mita 110, domin babu gadar da za ta ɗauke ta daga Apapa.

A maganar ɗan uwanmu, ba nauyi ne ya kama shi ba, tsayi ne. Da an kwantar da hannun katafilar yadda ya kamata an auna da tef kafin a tashi, da ya wuce lafiya. Ya ce mana shekararsa goma sha bakwai yana tuƙi, bai taɓa ganin an auna tsayin kaya ba, da ido ake dubawa a ce Allah ya kiyaye hanya. Mun yarda da shi, domin da muka tambayi direbobin da ke zauren, mutum biyu kaɗai suka taɓa riƙe irin wannan takarda a hannunsu, su ma a kamfanonin gine-gine suka yi aiki.

Wasu a zaman sun ce ai maganin duk wannan shi ne jirgin ƙasa ya dawo. An ɗan gwada. A 2016 an yi jigilar shanu a tarago daga Gusau zuwa Legas, abin bai ɗore ba. An buɗe sabon dogon Legas zuwa Ibadan a 2021, a 2023 kuma aka fara kawo kwantena daga Apapa zuwa Moniya. Amma tsakanin Ibadan da Abuja har yanzu sabon dogon bai haɗu ba, don haka kwantenar da ta sauka Moniya a bayan tirela za ta ƙarasa Kano. Wani dattijo ya kuma tuna mana cewa ranar da jirgin ya dawo da ƙarfinsa, rabin masu neman abinci a gareji sai sun nemi wata sana'ar. Ba a cim ma matsaya a kan wannan ba, kuma ba mu ga alamar za a cim ma nan kusa ba.

Abin da aka amince da shi dai shi ne wannan. Duk ɗan ƙungiya da aka ba lodin da ya fito waje da bodi ta gefe ko ta baya, ko ya yi tsayin da ba a saba ba, ya nemi kwafin izinin a hannunsa kafin ya tayar da mota, ya duba lambar motarsa da hanyar da aka rubuta da kwanan wata. Wanda ba ya karatun boko ya ɗauki hotonta ya turo wa sakatariya, za a karanta masa. A tabbatar nauyin da ke kan webil shi ne ainihin abin da aka loda, in wurin yana da sikeli a karɓi tikitin awo a ajiye. Sannan kwamiti ya sake jaddada maganar ɗaukar mutane a saman kaya ko a saman shanu: daga yanzu ƙungiya ba za ta sa hannu a belin direban da aka kama da wannan ba, gawarwakin da muka yi wa sutura a kan haka sun isa.

Masu motoci a cikinmu sun nemi a ba su dama su kawo nasu lissafin, na gas da taya da kuɗin shingaye, don a ga ko tafiya da buhu 600 za ta iya fitar da kanta a farashin dako na yanzu. An sa wannan a zama mai zuwa, bayan sallar La'asar, a inda aka saba. Tsofaffin direbobi da suka yi zamani da Roka, da duk wanda ya taɓa aiki a reluwe, muna roƙon su halarta.

Wassalam.
Sakataren Ƙungiya